Filin Tambaya da Amsa: Me Ke Sa a Yi Nasara a Wasan Scrabble?

Tambaya daga wani malamin sakandare a Zariya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Turanci na karanta a jami'a, kuma shi nake koyarwa, amma duk lokacin da muka zauna wasan Scrabble, wato na jera haruffa a kan allo don haɗa kalmomi, da ƙanena, wanda bai kai ni sanin harshen ba, shi ne yake cinye ni. Ni ina ajiye dogayen kalmomi masu kyau, shi kuwa haruffa biyu ko uku yake liƙawa a jikin na wasu, amma makinsa sai hawa yake yi. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, na gode da wasiƙarka. Matsalar ba ta ƙarancin Turanci ba ce, domin wannan wasa lissafi ne da sanin allo kafin ya zama gwajin harshe. Babbar shaida a kan haka ita ce Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, wanda ya ci gasar duniya ta Scrabble ta harshen Faransanci a shekarar 2015 alhali ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya haddace. A shekarar ce kuma Wellington Jighere, ɗan Nijeriya daga Jihar Delta, ya ci gasar duniya ta Turanci a birnin Perth na Ostareliya, inda ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci 4 da nema, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki wannan kambi. Abin da aka fi sanin 'yan wasan Nijeriya da shi kuwa shi ne fifita gajeriyar kalma a kan doguwa idan makinsu ya yi kusa, wato irin hanyar da ƙanenka yake bi.

Allon yana da gidaje 225, kuma daga cikinsu 8 ne ke ninka makin kalma sau uku, 12 kuma ke ninka makin harafi sau uku. Doguwar kalma tana miƙewa ta isa kusa da waɗannan gidaje, ta buɗe wa abokin karawarka hanya, sannan kowane harafi nata ya zama wurin da zai iya rataya tasa kalmar. Kai ka samu maki 18 da yabon masu kallo, shi kuma ya samu 45 a gidan da ka buɗe masa. Wanda ya jera gajeriyar kalma a gefen wadda take kan allo kuwa, yana ƙirƙirar kalmomi biyu ko uku a tashi ɗaya, kuma harafin da ya shiga kalma biyu sau biyu ake ƙirga shi. Ɗauki harafin Q mai maki 10: idan ya sauka a gidan da ke ninka harafi sau uku, ya ba da kalmar QI a kwance da kuma a tsaye, maki 62 ke nan daga abin da bai wuce ƙwayar harafi ɗaya ko biyu ba.

Sai dai abin da na fi so ka riƙe, wanda a ganina shi ne ya raba gwani da ɗan koyo, shi ne kula da haruffan da za su rage a hannunka bayan ka yi wasa. Ƙwayoyi bakwai kake riƙe da su, kuma wanda ya ajiye bakwai ɗin gaba ɗaya yana samun ƙarin maki 50, abin da 'yan wasa ke kira bingo. Gwanaye sukan yi bingo biyu ko uku a wasa guda, kuma suna shirya masa ne tun zagaye biyu ko uku kafin ya zo. A ce kana da zaɓi biyu: na farko zai ba ka maki 28 amma ya cinye maka E da R da S ya bar ka da U da V, na biyu kuma zai ba ka 22 ya raba ka da U da V ya bar maka E da R da S. Na biyun ya fi, kuma da nisa, domin maki 6 da ka sadaukar za su dawo maka ninkin ba ninki a zagaye na gaba. Haruffan da suka fi haɗuwa da juna su ne A, E, I, N, R, S, T da L. Ka yi ƙoƙarin daidaita baƙaƙe da wasula, ka guji riƙe harafi ɗaya sau biyu, musamman I ko U, kuma kada ka ajiye J ko X ko Z kana jiran gida mai tsada har su hana ka bingo.

A cikin ƙwayoyi 100 da ke jakar da ake ɗibar haruffa, S guda 4 ne kacal, fararen ƙwayoyin da ba su da rubutu kuma guda 2. Farar ƙwaya ba ta da maki ko ɗaya, amma tana zama duk harafin da kake so, shi ya sa gwanaye ba sa sakin ta sai don bingo ko don wasan da ya fi na biye da shi da maki 25 zuwa 30. Yana ba ni takaici in ga ɗan wasa ya jefar da ita don ƙarin maki 5. Haka kuma idan hannunka ya lalace da wasula zalla, babu abin kunya a musanya haruffa, matuƙar akwai ƙwayoyi 7 ko fiye a jaka. Asarar zagaye ɗaya ta fi a yi zagaye huɗu ana tsintar maki 10.

Tambaya daga wata ɗalibar jami'a a Kano: Malam, ina so in fara shiga gasa, amma an nuna mini ƙamusun da ake amfani da shi, na ga ya fi ƙarfin hadda. Daga ina zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, babu mai farawa daga shafi na ɗaya ya bi har ƙarshe. A gasannin Nijeriya da na duniya jerin kalmomin ƙamusun Collins ake bi, wanda ya ƙunshi kalmomi sama da 270,000, amma kaɗan daga cikinsu ne ke yawan fitowa a kan allo. Ki fara da masu haruffa biyu, waɗanda ba su kai 130 ba, ki haddace su har ki daina tunani kafin ki gan su: QI, ZA, ZO, XI, XU, JO, AX, EX da sauransu. Ki lura cewa babu kalma mai haruffa biyu da ke ɗauke da V, don haka wannan harafi yana toshe wuri, kuma yana da amfani ranar da kike son rufe allo. Daga nan sai masu haruffa uku, ki fara da waɗanda ke ɗauke da J, Q, X da Z, sannan kalmomin da Q ke shiga ba tare da U ba, irin su QAT, QADI da QAID, waɗanda za su cece ki daga riƙe Q har wasa ya ƙare.

Bayan haka ki koma kan kalmomi masu haruffa bakwai da takwas, kuma ki bi su gwargwadon yiwuwar fitowarsu daga jaka, ba bisa jerin abacada ba. Haruffa shida na RETAIN ko SATIRE, misali, suna haɗuwa da mafi yawan haruffa su ba da kalma mai bakwai. Ki riƙa koyon ƙarin harafi a gaba ko a bayan kalma, kamar yadda HOST ke zama GHOST, LATE kuma ke zama PLATE ko LATER. Akwai manhajojin kwamfuta na kyauta da 'yan gasa ke dogaro da su: Zyzzyva don hadda, Quackle kuma don nazarin wasan da aka gama, ta nuna miki inda kika bar maki a ƙasa. Minti 20 na hadda kullum sun fi awa huɗu a ranar Lahadi kaɗai. Ki kuma saba da agogo tun a gida, domin minti 25 ake ba kowane ɗan wasa a gasa, kuma duk mintin da aka wuce ana cire maki 10.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Maiduguri: Sau da yawa nakan kasance a gaba har kusan ƙarshe, sai a wuce ni a zagaye biyu na ƙarshe. Me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, abu biyu ne. Idan kana gaba, ka rufe allo: ka toshe layukan da kalma mai haruffa bakwai za ta iya shiga, ko da za ka rage makinka, domin wanda ke baya ne yake bukatar fili. Na biyu, ka riƙa rubuta haruffan da suka fita, abin da dokar gasa ta halatta. Da zarar jaka ta ƙare, ka san ainihin abin da ke hannun abokin karawarka, sai ka toshe wurin da zai ajiye babban harafinsa, ka kuma lissafa yadda za ka riga shi gamawa, tunda makin ƙwayoyin da suka rage masa za a cire masa a ƙara maka.

Tambaya daga wata uwa a Gusau: Ko zai yiwu yarana su yi wannan wasa da Hausa?

Amsa: Hajiya, zai yiwu ƙwarai, kuma ina ƙarfafa miki gwiwa. Rubutun boko na Hausa ba ya amfani da P, Q, V da X, don haka ki liƙa musu takarda ki mayar da su Ɓ, Ɗ, Ƙ da 'Y. Za ki kuma ga cewa A guda 9 ba za su isa ba, alhali E guda 12 sun yi yawa, sai ki mayar da rabin E ɗin su zama A. Kafin a fara, a amince da ƙamus ɗaya da zai raba gardama, a kuma yanke ko za a karɓi kalmomin karin harshen Sakkwato da Zamfara ko kuwa daidaitacciyar Hausa kaɗai.