Mun koma ba Hajiya tuwon alkama amma suga ya ƙi sauka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema akan mahaifiyarmu. Shekarunta 58, bara aka gano tana da ciwon suga bayan ta yi ta fama da yawan fitsari da ƙishirwa da kasala har mun ɗauka maleriya ce ta ƙi jin magani. Hajiya dai mai jiki ce tun asali, da aka ɗora ta a sikeli kilo 96 aka samu, ga ciwon gwiwa har sallah ma wani lokacin a zaune take yi. Likita ya ɗora ta akan maganin suga metformin ya ce ta rage ƙiba ta kula da abinci, tun daga nan muka daina ba ta tuwon shinkafa da na masara muka koma niƙo mata alkama, suga ma ta bari sai zuma take sawa a shayi, amma duk sanda muka gwada da safe sai mu ga 190 ko 200 da wani abu. Yanzu ta fara ƙosawa, cewa take mun mai da ita saniyar ware kowa na cin mai daɗi ita ana dafa mata na marasa lafiya, rannan ma na kama autanmu yana shigo mata da Maltina a ɓoye. Ga wata ƙawarta ta Islamiyya ta kawo mata magani a jarka wai sati uku za ta warke ta ajiye na asibiti. Wallahi kaina ya kulle Anti, ya zan yi?

Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya miki albarka.

Bari in fara da alkamar nan don ita ce ta fi cin mutane a garin nan. Kusan duk gidan da aka ce akwai mai suga in kin leƙa kicin sai kin ga bokitin garin alkama, an riga an sa a rai magani ce. Alkama fa hatsi ce, sitacin da ke cikin masara da dawa da shinkafa shi ne a cikinta, da zarar an kai ta inji an niƙa ta luƙui an tankaɗe an tuƙa to ba ta daɗewa a ciki take komawa suga ta shiga jini. Ɗan fifikon da take da shi dusarta ce, ita ma rariya ta kwashe. Abin da ya fi damuna ma shi ne tunda an ce wa Hajiya wannan tuwon ba ya cutarwa sai ta saki jiki ta ci malmala biyu har a ƙara mata, kinga an gudu ba a tsira ba kenan. Ba ki gaya min malmala nawa take ci da daddare ba, amma ki je ki duba, inaga rabin amsar 200 ɗin nan tana cikin kwanon. Zuma kuwa ba wanda ke musun falalarta, amma mai wannan ciwon ya sani suga ce, haka mazarƙwaila, haka rake, dabino ma ɗaya ko biyu ne ba a cika hannu ba.

Irin ciwon da ke kama manya masu jiki shi ake kira nau'i na biyu. Jikin Hajiya na yin sinadarin insulin, shi ne mai tura suga daga jini zuwa cikin tsoka, amma kitsen da ya taru musamman na ciki da na hanta shi ke hana jiki jin maganarsa, yana ta sallama ba mai amsawa sai suga ya tsaya a jini. Shi ya sa likita ya haɗa da maganar ƙiba. Kuma ba cewa aka yi sai Hajiya ta koma siririya ba, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta kawai in ya sauka za ku ga bambanci a awo, a wajenta kilo 5 zuwa 10 kenan, a hankali cikin wata shida ko fiye ba a sati biyu ba. A 2017 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Birtaniya mai suna DiRECT akan masu ƙiba da ba su wuce shekara 6 da gano ciwon ba, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka sa a shirin rage nauyi sugansu ya koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara guda, cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 ne. Su dai a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya aka yi musu da abinci na musamman, kar ki ce za ki sa Hajiya yunwa a gida, na kawo shi ne don ki ga ƙibar nan ba ƙaramar rawa take takawa ba, kuma Hajiya da bara-bara aka gano nata tana cikin masu dama.

To yanzu ƙorafin Hajiya. Gaskiyarta ne wallahi, ni ina bayanta. Mace ta shekara talatin tana ciyar da gida rana ɗaya a koma tuƙa mata nata daban a ƙaramar tukunya tana jin ƙamshin jalof ɗinku daga ɗaki, dole ta nemi ɗan aike, kuma kar ki yi wa autan faɗa tausayi ne ya sa shi. Ku bar ware mata tukunya, tukunyar gidan gaba ɗaya za a gyara, dama ku 'ya'yanta ciwon nan yana bin jini ku ma gara ku fara tun yanzu, ke kanki in kin haura 35 ko kina da jiki ki je a gwada ki. Abin da za a ware mata faranti ne, ta daina ci a tire ɗaya da jikoki don a nan ba a sanin abin da aka ci. Rabin farantin ganye, ɗaya bisa huɗu tuwo ko shinkafa ko doya, sauran kuma wake ko kifi ko ƙwai ko nama mara kitse ko awara. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunta, nata ba na Alhaji ba, ko ta dawa ce ko masara ko alkamar duk ɗaya, miya kuma a cika mata, kuka, kuɓewa, taushe da alayyahu da yawa, zogale, yakuwa. In za ta fara cinye ganyen da naman kafin ta taɓa tuwon ya fi, sugan ba ya tashi da sauri haka.

Mu a nan ma Allah ya rufa mana asiri ta wannan fannin, ki shiga Bakin Dogo ko Kasuwar Bacci da safe ki ga ganye. Kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli ba suga, fate wanda ganyen ya rinjayi tsakin ba wanda tsaki ya yi kauri ana neman ramar da ido ba, dambu da zogale da yawa, alala, wake da alayyahu, yalo da gurji da kokwamba na taunawa in baki ya nemi motsi. Shinkafa da wake a juya lissafin, waken ya fi yawa, man kuma a auna da cokali a daina tsiyayawa daga galan, cokali ɗaya babba na mai kalori kusan 120 ne ko manja ne ko man gyaɗa. Acha da ake kawowa daga kudancin jihar nan tana da kyau amma ita ma hatsi ce, doka ɗaya ce da sauran. Magi da gishiri a rage a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa saboda hawan jini ba ya nisa da mai suga, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi gishirin yini gaba ɗaya kar ya kai giram 5, ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan.

Inda nake so ki fi sa ido shi ne abin sha da karin safe. Koko da ƙosai da burodi da shayi mai kauri duk a zama ɗaya, wannan shi ke kwantar da mutane. Koko da kunun zaƙi da fura da aka dama ruwa-ruwa sun fi tuwo saurin shiga jini kuma ba sa riƙe ciki. Ta ci ƙosai uku ko alala ko dafaffen ƙwai da shayi ba suga, in kokon ne ranta ke so ƙaramin kofi ɗaya. Lemon kwalba da Maltina da zoɓon leda dai a haƙura da su, babbar robar lemo guda tana iya ɗauke da suga fiye da cokalin shayi 10. A dafa zoɓo a gida da citta da kanumfari a sa a firij ba suga, ana sabawa. Lemon zaƙi da gwaiba da kankana a tauna su a ci kaɗan-kaɗan kar a matse su a sha.

Na ga kuna da na'urar gwaji, to ku daina amfani da ita da safe kawai. Ku gwada kafin ta ci abinci, ku sake bayan awa biyu da fara ci, ki rubuta a littafi da abin da ta ci. Abin da ake nema ga yawancin manya 80 zuwa 130 kafin karyawa, ƙasa da 180 bayan awa biyu, wanda na'urarsa irin mai nuna 7 ko 10 ce ya ninka da 18. Ki bar Hajiya ta karanta lambar da idonta ranar malmala biyu da ranar malmala ɗaya, wannan ya fi duk wa'azin da za ki yi mata, dama uwa ba ta son 'yarta ta riƙa kafa mata doka.

Motsa jiki minti 150 ake so a sati, wato minti 30 kwana biyar, amma mai ciwon gwiwa ba za ki kai ta Murtala Square gudu ba. Minti 10 bayan kowane abinci tana zagaya tsakar gida da carbinta ya isa a fara, in Islamiyyar ba nisa ta bar keke napep ta taka. Sannan ki shirya mata amsa, don da ta fara faɗawa 'yan uwa za su fara "Hajiya lafiya kuwa, kin rame", wasu har su ce ba kwa kula da ita, wannan maganar ta mayar da mata da yawa ruwa. Ki riga su, ki gaya wa ƙannenta da aminanta likita ne ya sa. Ranar biki ko suna ta ci abincinta a gida kafin ta fita, cincin da dubulan da alkakin da aka ƙullo a ba jikoki.

Jarkar nan kuma a'a. Ba wanda ya san abin da ke ciki ko yawansa, ƙodar mai suga kuwa dama a lallaɓe take, kuma kar ta kuskura ta ajiye metformin. Ki ma mayar da ita asibiti cikin satin nan da littafin awon, shekara guda ana ganin 200 da safe yana iya nufin maganin na bukatar ƙari, ba abinci kaɗai ba. Ki roƙi a yi mata HbA1c, shi ke nuna yadda sugan ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, ƙasa da 7 ake so ga yawancin mutane, a duba ƙoda da hawan jini. Ido sau ɗaya a shekara ko ba ta ƙorafi, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan a cikin Kaduna mutane daga wasu jihohi suke zuwa. Ƙafa kuma kullum da daddare ki haska fitilar waya ki duba tafin da tsakanin yatsu, ta riƙa share su bayan alwala, ba yawo ba takalmi ko a tsakar gida, ba mai yankan farce na kan hanya, ba gasa ƙafa a kasko lokacin hunturu, lalle mai duhu ma a sassauta don yana ɓoye ciwo. Ƙaramin faso in ya ƙi warkewa cikin kwana biyu uku a tafi asibiti.

TAMBAYA: Anti Babanmu yana shan maganin suga glibenclamide kuma ba ya barin azumin Litinin da Alhamis, rannan da la'asar muka ga yana gumi jikinsa na rawa yana magana ba kan gado. Mene ne wannan?

Daga wani ɗalibi, Rigasa

AMSA: Ɗana wannan alamar faɗuwar suga ce kuma ta fi hawansa saurin yin illa. Glibenclamide na sa jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, ga dattijo mai azumi hatsari ne sosai. In ya sake faruwa ku gwada, ƙasa da 70 ya karya nan take, in ba na'ura a kusa ma kar ku jira, ku dama suga cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa ya sha, bayan minti 15 a sake gwadawa sannan ya ci abinci. In ya suma kar a ɗura masa komai a baki, sai asibiti. In awo ya haura 300 ma karyawa ake yi. Ku raka Baba wajen likitansa kafin Litinin mai zuwa ku faɗa masa maganar azumin ƙarara, akwai magungunan da ba su cika kayar da suga haka ba zai iya canza masa ko ya gyara lokacin sha, kafin nan ya dakata da na nafilar, in ya ƙi jin taku ku samu limamin unguwa ya yi masa magana.