Asalin courtesy da rusunawar matan Ingila

'Yata, kin ce kin ga mata suna ɗan rusunawa gaban Sarkin Ingila, an ce miki sunan abin curtsy, kina so ki san ko yana da alaƙa da courtesy, kalmarsu ta ladabi. Ai kalma ɗaya ce, baki ne ya gutsure ta.

Tushenta Latin ne, harshen Romawan dā, kalmar cohors, wato fili mai shinge inda ake tsare dabbobi. Daga shingen sai sunan ya koma kan mutanen da ke taruwa a ciki, har ya kai ga fadar sarki. Faransawan dā suka mayar da shi cort, halin mutanen fada kuma suka kira shi curteisie. A 1066 William na Normandy, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, kalmar ta shiga Turanci ta wannan ƙofa. Kotu ma da muke faɗa daga nan ta fito, don a fada ake yanke hukunci. Kin ga ke nan ladabin nasu tun asali tarbiyyar fada ce, yadda bafade ke tsayuwa da magana gaban ubangidansa.

A ƙarni na 16 aka fara cewa curtsy, kuma a lokacin maza ma suna yi. Daga baya ya zama na mata, maza suka tsaya ga sunkuyar da kai.

Yin sa ba wuya. Ki mayar da ƙafa ɗaya bayan ɗayar, yawanci ta dama, ki dafa ƙasa da yatsunta, nauyinki na kan ta gaba. Ki lanƙwasa gwiwoyi kaɗan, baya a miƙe, ki ɗan sauke kai, ki taso. Daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ta isa. Inda ake kuskure shi ne lanƙwasa ƙugu, sai abin ya koma sunkuyo, ko a jera ƙafafun a layi ɗaya a yi tangaɗi, balle da dogon takalmi. Kada gwiwa ta taɓa ƙasa, wannan ba durƙuson gaida surukai ba ne.

Fadar Ingila ma ta ce ba dole ba ne, musafaha ta wadatar. Tun 1958 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta daina bikin gabatar da 'yan matan manyan gida a fada, inda a dā sai an yi ta koyon rusunawar nan kafin ranar. Idan magana ta haɗa ku da sarkin, da farko Your Majesty ake cewa, bayan nan Sir kawai.