Shin wajibi ne mu kori abokinmu daga majalisa saboda shaye-shaye?

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, muna da majalisa a Ƙofar Marusa, mu bakwai, tun muna makarantar allo muke tare. Ɗayanmu, tun da jarinsa ya karye, ya faɗa shan kodin. Wani ustazu a cikinmu ya ce wajibi ne mu ƙaurace masa, ko sallama kada mu yi masa. Ni kuwa in ya hango ni sai ya tura kwalbar aljihu, in na yi masa faɗa ya sunkuyar da kai. Kuma ina bin sa dubu arba'in. Mene ne hukunci?

AMSA: Haramcin abin da ke gusar da hankali ba ya buƙatar dogon bayani, kai ma ka sani, shi ma ya sani. Abin da na riƙe a tambayarka shi ne kwalbar nan da yake turawa aljihu. Mutumin da ke ɓoye laifinsa in ya gan ka, yake sunkuyar da kai in ka yi magana, kunyarsa ba ta mutu ba. Irin wannan ba ya cikin waɗanda aka halatta a ƙaurace musu.

Ibnu Abi Zaid a cikin Risala, wadda muka taso muna karantawa a zaurukan Katsina, ya ce ƙauracewar da ta halatta ita ce ga ɗan bidi'a, ko mai bayyana manyan zunubai wanda ba a iya yi masa wa'azi, ko ba ya karɓa. Abokinka bai bayyana ba, kana iya yi masa wa'azi, kuma yana saurare.

Ustazun naku, Allah ya saka masa da kishinsa, na san hujjarsa: Ka'abu ɗan Maliku da abokansa biyu, sahabban da aka ƙaurace musu kwana 50 saboda ba su fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira. To amma ya duba waye ya ba da umarnin, kuma a wane gari. Annabi (SAW) ne, Madina kuma ta bi baki ɗaya, har Ka'abu ya rasa mai ce masa uffan. Duk da haka sarkin Gassan, wanda ba Musulmi ba, ya aiko masa da takarda yana cewa ya zo a girmama shi. Imanin Ka'abu ya sa ya jefa ta a tanderu. Shi abokinku, in kun rufe masa tabarma, masu sayar masa da kwalba za su shimfiɗa tasu a daren nan, kuma ba ni da tabbacin zai ƙi zama. Ga kuma sahabin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. Ƙauracewa magani ce. In za ta ƙara ciwon, ba a bayarwa.

Sai dubu arba'in ɗinka. Ɗan'uwa, ka binciki zuciyarka, kada haushin bashi ya sa rigar addini. Wanda ke cikin ƙunci Alƙur'ani ya ce a jinkirta masa. Amma kada ka ƙara ba shi kuɗi a hannu. In za ka taimaka, auna masa shinkafa ka kai gidansa da kanka.

Ka hana a jefa maganarsa a zauren WhatsApp ɗinku, yana da 'ya'yan da za su yi aure. Ka tsaya ƙofar gidansa da asuba ku tafi masallaci tare, kuma ka lallashe shi ku je wurin likita, don mai barin kodin jikinsa na wahala, nasiha kaɗai ba ta isa. In kuwa ka ji ranka ya fara sha'awar ɗanɗanawa, to hukuncinka ya sauya, ka ja baya, ka damƙa shi ga wanda ya fi ka ƙarfi a cikinku.

Wallahu a'alam.