Kalmomin ƙanƙan da kai a Sinanci

Ɗan'uwa, ka ce ta ina za ka fara koyon kalmomin ƙanƙan da kai na Sinanci, to gaskiya kar ka fara da na finafinan sarauta, su "nucai" wato bawanka da "chen" wato bafadenka, duk na fada ne, tun da daular Qing ta ƙasar Sin ta faɗi a 1912 aka bar su, yanzu in ka faɗa dariya kawai za a yi maka. Riƙe ƙa'idar tukuna, naka ka ƙasƙantar na wani ka ɗaukaka. Babanka "jiafu", baban wanda kake magana da shi "lingzun", kar ka kuskura ka juya su fa. In an ce maka "nin guixing?" sunan danginku ake tambaya, sai ka ce "mian gui xing", wato ka sauke girmamawar "gui" da aka yi maka, ka faɗi sunan. Wannan kam har yau ana yi, musamman wajen kasuwanci.