Tambaya da Amsa: Kofin laimar kwaɗi zai iya maye gurbin ƙwayar suga?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Dan Allah Ummanmu ce ke da ciwon suga shekara shida kenan tana shan metformin, to sai wata maƙwabciyarmu ta kawo mata wani kofi na leda wai da Ganoderma a ciki, ta nuna mana bidiyo a WhatsApp wai Turawa sun yi bincike yana maganin suga da hawan jini har da kansa, wato ciwon daji. Yanzu Umma ta ce ita ta gaji da ƙwaya, kofin kawai za ta riƙa sha. Wai da gaske ne an yi binciken? Daga wata 'yar uwa a Gwammaja.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba Umma lafiya. Bincike kam an yi, maƙwabciyarku ba ta yi ƙarya a nan ba, sai dai abin da aka gano ɗin ne bidiyon bai faɗa muku ba.

Ganoderma ɗin nan wani nau'in laimar kwaɗi ne, mai tauri kamar katako, jajaja mai sheƙi, a jikin ruɓaɓɓen kututture yake fitowa ba a juji ba. Mutanen Sin suna ce masa lingzhi, Japanawa reishi, sun daɗe suna dafa shi suna sha. Da masana suka bincike shi sai suka samu sinadarai iri biyu da suka ja hankali, akwai beta-glucan wanda ke zaburar da garkuwar jiki, da wasu masu ɗaci da ake kira triterpene. Kuma fa dangin laimar kwaɗi sun ba duniya magani na gaske, a 1969 aka ciro wani sinadari mai suna lentinan daga wata laimar kwaɗin daban da ake kira shiitake a Japan, a 1985 gwamnatinsu ta amince da shi ga masu kansar ciki. Amma ki lura, allura ce, sinadarin zalla aka tace aka auna, kuma tare da maganin asibiti ake yi, ba a ce mutum ya ajiye nasa ba. Ina wannan ina garin da aka barbaɗa cikin kofi da madara ba ki ma san nawa ne a ledar ba?

To mu zo kan suga tunda shi ne damuwarku. A 2015 ƙungiyar Cochrane, masu tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane su tace su, sun duba masu ciwon suga da aka ba Ganoderma na mako 12 zuwa 16, ba a ga suga ya sauka ba, hawan jini ma haka, kitsen jini ma haka. A ɓera da cikin kwalbar gwaji yana nuna abin mamaki, shi ne abin da masu talla ke ɗorawa a bidiyo, da aka zo kan mutum sai labari ya sha bamban. Na ciwon daji ma da suka duba a 2016 cewa suka yi hujjar ba ta kai a ɗauke shi babban magani ba.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro wlh shi ne ajiye ƙwayar, don suga ba ya ihu, Umma za ta ji garau wata biyu uku alhali yana can yana cin ƙoda da ido. Sannan ki juya bayan ledar ki karanta, irin kofin nan haɗe-haɗe da yawansu da sukari a ciki, kin ga an gudu ba a tsira ba. In kuma tana shan asfirin ko warfarin, magungunan tsinka jini, to a yi hattara, Ganoderma na iya ƙara tsinka jini. Lambar NAFDAC ma ki duba, amma lamba ba shaidar yana warkarwa ba ce.

Wani abu kuma in damina ta kama, kar wani ya ji wannan ya je tsinko laimar kwaɗi a bayan gida ya dafa, akwai masu dafin da ke kashe hanta, tafasa ba ta kashe dafin, kuma sai an yi awa 6 ko fiye kafin amai ya fara.

Ranar da Umma za ta koma ganin likitanta ki saka ledar kofin a jaka ku tafi da ita ya gani da idonsa, in ƙwayar ce ke damun cikinta ku faɗa masa, akwai yadda ake canzawa. Kafin nan ta ci gaba da sha yadda aka rubuta mata.