'Yata ce ke karanta min alat, ga shi za a kai ta ɗakinta

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 41, a Kano nake, ina saida atamfa da turaren wuta daga cikin gida. Na yi sauka tun ina budurwa, amma boko ko aji ɗaya ban taɓa shiga ba. Da saƙon murya nake ciniki, sauran kuwa 'yata ta fari ce: ita ke duba alat, ita ke rubuta bashi. Kwanaki tana makaranta wata ta nuna min wayarta ta ce ta turo kuɗi, na ba ta turmi biyu, ashe na bogi ne. Yanzu an sa bikin yarinyar bayan Babbar Sallah. Na yi wa Maigida maganar ajin yaƙi da jahilci, sai ya yi dariya ya ce sai da na aurar da 'ya zan ɗauki fensir? Ni ma gaskiya ina jin nauyin zama a benci. Yaya zan yi?

Baiwar Allah, Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin.

Matar da ta haɗa baƙi da wasali har ta sauke izu sittin ai ba daga tushe za ta faro ba. Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasulanta biyar ne kacal. Abin da zai ɗan ba ki wuya shi ne hannun zai koma tafiya daga hagu.

Kada ki jira aji. Daga yau, kullum bayan Isha'i, ki zaunar da amaryar nan ta fara miki da lambobi, ki iya bambanta 5,000 da 50,000, sannan sunayen masu cin bashinki. Littafin bashin ya zama allonki. Kuma ko kin iya karatu, wayar mai saye ba shaida ba ce. Sai kuɗi sun shiga asusunki kin gani a taki.

Ajin kuma yana nan. Tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Kano ke da Hukumar Ilimin Manya, kuma da Hausa ake fara koyarwa. Ki sa a tambayar miki a sakatariyar ƙaramar hukumarku inda ajin mata yake, ki kuma tuntuɓi Islamiyyar matan aure ta unguwarku, don wasu na haɗawa da boko. Za ki tarar da waɗanda suka girme ki a bencin.

Shi kuwa Maigida, ki bar masa zancen fensir. Ki sami lokacin da ransa ke sanyi, ki tuna masa turmi biyun nan, ki tambaye shi: bayan biki, ɗan wane maƙwabci yake so ya riƙa karanta saƙon bankinki da takardar asibitinki? Maza ba sa son sirrin gida a waje. In ya cije, ki biyo ta hannun yayarsa ko malamin da yake jin maganarsa, ki kuma zo masa da ranaku da lokacin tashi a shirye.