Tambayi Likita: Natsuwar zuciya da motsa jiki ga matasa

Tambaya: Likita, minti nawa ya kamata matashi ya motsa jiki a mako?

Amsa: A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, wanda ya kai shekara 18 yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici kamar tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi kamar gudu, sannan kwana biyu na ƙarfafa tsoka.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Na ji ana cewa tattara hankali yana sa mutum ya dage da atisaye. Gaskiya ne?

Amsa: Akwai gaskiya a ciki, 'yata. Abin da ake nufi shi ne ki kasance tare da jikinki a lokacin da kike ciki: shigar numfashi da fitarsa, saukar tafin ƙafa a ƙasa, bugun zuciya. A 1979 wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya shigar da wannan horo cikin aikin asibiti a Jami'ar Massachusetts ta Amurka. Bincike ya nuna masu irin wannan natsuwa sun fi yawan motsa jiki. Dalili a fili yake: wadda ta lura da yadda ƙirjinta ke sakewa bayan tafiya za ta so komawa gobe, wadda kuwa ma'aunin nauyi kawai take dubawa takan karaya da wuri.

Tambaya: Likita, ina ɗaga ƙarfe. Abokaina sun ce mai ƙarfin zuciya ba ya kula da ciwo, har sun ba ni tramadol don in jure. Jiya fitsarina ya yi duhu, hannuwana sun kumbura. In ci gaba?

Amsa: Ɗana, ajiye komai ka tafi asibiti yau, ba gobe ba. Fitsari mai duhu da kumburin tsoka bayan atisaye mai tsanani alama ce ta cewa tsokar ta farfashe. Idan haka ta faru, wani sinadari da ke cikinta yakan kwarara cikin jini, ya je ya toshe ƙoda. Sai an gwada jininka da fitsarinka, wataƙila a ƙara maka ruwa ta jijiya. Jinkiri na iya kai mutum ga wankin ƙoda.

Wallahi wannan magana ta abokanka tana ɓata min rai, don ta illata matasa da yawa. Tramadol ba maganin ƙarfi ba ne. Dangin magungunan kashe zafi ne masu kama jiki, yana jawo farfaɗiya, yana danne numfashi, kuma wanda ya saba da shi yakan kasa tashi da safe sai ya sha. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta shi a lokacin gasa tun farkon 2024. Zafin da ka kashe da ƙwaya yana nan yana ɓarna, kai ne dai ka daina jin sa, kamar direban da ya rufe fitilar gargaɗi ya ci gaba da tafiya.

Natsuwar da muke magana a kanta akasin wannan take koyarwa. Tana koya maka ka bambance gajiyar tsoka, wadda ke zuwa a hankali ta wuce cikin kwanaki kaɗan, da suka mai kaifi a gaɓa, ko ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa. Ta farko ana iya haƙuri da ita. Sauran kuwa umarni ne na tsayawa nan take. Kafin ka ɗaga ƙarfe, tsaya ka ja numfashi, ka ji kafaɗarka da bayanka. In wani wuri ya yi ƙorafi, ka saurare shi.

Ka faɗa wa likitan gaskiyar abin da ka sha da yawansa, kada kunya ta hana ka. In ka riga ka saba da shi, kada ka yanke shi kai kaɗai rana ɗaya, a asibiti za a taimaka maka ka rage a hankali. Ina sake roƙonka, ka tafi yau.

Tambaya: Da na fara tattara hankali sai tunani ya yi ta yawo. Na kasa ke nan?

Amsa: A'a. Ka lura ya tafi, ka dawo da shi kan numfashi. Dawowar ita ce horon.

Tambaya: Tun da na fara gudu damuwata ta ragu. Zan iya daina maganin da likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta min?

Amsa: Na yi murna da sauƙin da kika samu, amma kada ki daina, 'yata. Yanke maganin kwatsam na iya dawo da ciwon, ya haɗa da jiri da rashin barci. Ki ci gaba da gudunki, ki koma wurin likitanki ku yanke shawara tare. In tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki faɗa wa wani na kusa, ku tafi asibiti a ranar.